God of War Ragnarök: in saya, ko in haƙura da na farkon?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara yi min ihu. Kun san ni da wasan bidiyon nan na PlayStation, God of War na 2018. Sau uku na gama shi. Valkyrie ɗin nan, mayaƙan mata masu fukafukai, guda tara duk na kashe su, har da Sigrun da ta kusa sa ni jifan talabijin da fad, abin buga wasan. Tun da ci gabansa, Ragnarök, ya fito a watan Nuwamba na 2022 nake ta ja da baya, yau ga shi har an kusa shekara uku. Jiya wani abokin aikina ya ce zai sayar min da faifansa na PS4, ya ba ni zuwa Juma'a in yanke shawara. Kuɗin ba kaɗan ba ne a wajena, amma ba shi kaɗai ne ke damuna ba. Tsoro nake ji kada ya ɓata min na farkon. Waɗanda suka buga, ku faɗa min tsakani da Allah. Kuma kada wanda ya fasa min ƙwai, ko tallan wasan ban yarda na kalla har ƙarshe ba.

Haidar: Yaya Sadiq wai har yanzu?? Shekara uku? Saya kawai, ya fi na farko ninki goma

Oga Bash: Wa alaikumus salam. Haidar, ninki goma a wane sikeli ka auna? Sadiq, kafin a ce maka saya ko kar ka saya, fara faɗa mana abin da ya kama ka a na farkon. Mutum biyu za su zauna a shagona su buga wasa ɗaya, ɗaya faɗan ne ya kawo shi, ɗaya kuma da an fara magana sai ya ce a ƙara murya. Amsarsu ba za ta zama ɗaya ba.

Sadiq: Oga, tambayar da nake ta yi wa kaina ke nan. Faɗan na da daɗi, ba musu, musamman in ka wurga gatarin nan ya dawo hannunka da wannan ƙarar. Amma gaskiya abin da ya riƙe ni shirun wasan ne. Labarin gaba ɗaya bai wuce uba da ɗansa za su kai tokar uwar yaron kan tsauni mafi tsawo ba. Shi ke nan. A kulle na korona na fara buga shi, 2020, shekarar da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya magana, sai ka yi wata ba ka ji ya yabe ka ba. Akwai wajen da uban, Kratos, ya miƙa hannu zai dafa kafaɗar yaron, sai ya fasa ya janye. Wallahi ajiye fad na yi na fita tsakar gida. To shi nake tsoro, kada in shiga sabon in tarar an cika shi da hayaniya da yaƙin duniya.

Ummi K: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Oga Bash: Amin. Allah ya kai haske kabarinsa.

Malam Nura: Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Sadiq: Amin, na gode ƙwarai.

Ummi K: To bari in ba ka amsa a kan abin da ka tambaya, tunda na gama duka biyun. Tsoronka yana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. Ragnarök ya fi yawan mutane nesa ba kusa ba. A na farko kusan ku uku ne a hanya, kai da yaron da kan Mimir mai magana a rataye a ƙugu, sai Brok da Sindri da kake tararwa a maƙerarsu, sai Freya jefi-jefi. A sabon kuwa gida ne cike, ana zama a teburi ana gardama, kowa da buƙatarsa. Duniyoyi tara ɗin duka ana shiga, har da Svartalfheim da Vanaheim da Asgard da aka kulle mana ƙofofinsu a 2018. Don haka wannan kaɗaicin na cikin kwalekwale a Tafkin Tara, kana tuƙi Mimir yana ba da tatsuniya, ya ragu. Tafkin ma ya daskare, a keken ƙanƙara ake ratsa shi, kyarketai biyu na ja.

Amma fa maganar uba da ɗa ba ta tafi ko'ina ba. Juyawa ta yi. A na farko uban ne bai san yadda zai matso kusa da ɗansa ba. A na biyu yaron ya zama saurayi, yana ɓoye abubuwa, yana fita ba da izini ba, uban kuma bai san yadda zai sake shi ba. In kana da ƙani ɗan shekara sha huɗu a gida, za ka gane kowace kalma.

Haidar: Aunty Ummi da ni kike ko?

Ummi K: Wanda ya tsargu da shi ake.

Mubarak: Ni dai zan zama saniyar ware a nan. Na saya a satin da ya fito, da kuɗina cur, kuma ban ji daɗinsa kamar na farko ba. Ba wai wasan banza ba ne, kar a juya min magana. Amma abubuwa uku sun ishe ni. Na farko surutu. Ka iso wajen da ake so ka yi tunani ka buɗe ƙofa, ko daƙiƙa goma ba ka yi kana dubawa ba, yaron ko Mimir ya faɗa maka amsa. Haba! Ni na sayi wasan ko su? Na biyu, akwai wani sashe da ake ba ka yaron, Atreus, a wani daji, kana bin wata yarinya kuna tsinkar 'ya'yan itace a bayan wata dabba. Ya fi awa guda, ina ta hamma. Na uku kuma ƙarshen. Yaƙin da aka yi ta kambamawa tun farkon wasa, da ya zo sai na ga kamar ana sauri a tashi kasuwa.

Yaya Kabiru: Mubarak, a yi hattara da maganar ƙarshe. Mai tambaya ya roƙa.

Mubarak: Ban faɗi abin da ya faru ba Yaya, yadda na ji kawai na faɗa.

Oga Bash: Maganar saurin nan tana da asali. Cory Barlog, wanda ya jagoranci na 2018, shi da kansa ya bayyana cewa sun zaɓi su rufe labarin ƙasar Norse, wato arewacin Turai na da, a wasa biyu, don in aka ce uku, kowanne yana cin kusan shekara biyar, sai a kai shekara goma sha biyar ana jan labari ɗaya. To kayan wasa biyu aka cusa a buhu ɗaya, dole wani waje ya kumbura wani ya matse. Kuma ba shi ya ja ragamar Ragnarök ba, Eric Williams ne, duk da shi ma tsohon hannu ne a Santa Monica Studio, kamfanin da ke yin wasan, tun zamanin PS2.

Amma Mubarak, ka manta abin da ka riƙa kuka da shi a na farkon? A shagona ka zauna kana cewa ka gaji da kashe ƙaton nan mai ɗauke da ginshiƙin dutse, yau ja gobe shuɗi, bos ɗaya, wato babban abokin gaba, ana sauya masa riga. Wannan sun gyara shi sarai. Bosawan Ragnarök kala-kala ne, kuma tun a awar farko za ka san ka shigo.

Mubarak: Wannan kam gaskiya ne, na sallama. Faɗan ya fi. Ga kuma sabon makami da ake ba ka a tsakiyar wasa, ba zan faɗi ko mene ne ba, amma da na same shi kusan mantawa na yi da gatarin.

Haidar: *An goge wannan saƙon*

Yaya Kabiru: Haidar! Na goge. Wannan shi ne gargaɗi na farko kuma na ƙarshe. Ka sake faɗin wanda ya mutu, sati guda za ka yi a waje.

Haidar: Yi haƙuri Yaya, na ɗauka kowa ya sani, wasan fa ya tsufa

Sadiq: Alhamdu lillahi ina salla lokacin, ban gani ba. Haidar, in na kama ka sai ka yi tsallen kwaɗo daga nan har Kabuga.

Malam Nura: Ni ina da magana ta wani ɓangare, kuma ba wa'azi na zo yi ba, ni ma ina taɓa ƙwallo da yamma. Amma wasan nan tun daga sunansa zuciyata ba ta kwanta ba. Ana kiran wani allan yaƙi, wani allan tsawa, ana ta maganar ƙaddara da ƙarshen duniya irin nasu. Mu manya mun san tatsuniya ce. Yaran da ke zaune a bayanmu suna kallo fa? Sadiq, kuɗin da za ka sa a nan, ka tabbata ranka ya natsu da shi?

Ummi K: Malam, tambayarka a kan hanya take. Yadda ni na ɗauke shi, tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ne na da can, Odin da Thor da sauransu, irin yadda ake karanta tarihin Girkawa a makaranta. Kuma wasan bai nuna su a matsayin abin girmamawa ba ko kaɗan. Odin ɗinsu maƙaryaci ne mai daɗin baki kamar dillalin fili, Thor kuma ƙaton mashayi mai tumbi da ubansa ya raina. Amma maganar yara na yarda da kai ɗari bisa ɗari. A bayan kwalin an rubuta na manya ne, akwai jini sosai, akwai ashar. Ni sai ƙannena sun kwanta nake kunnawa.

Malam Nura: To, kowa dai ya san zuciyarsa. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da zan ƙara kawai, kada Kratos ya sa a rasa jam'in asuba.

Oga Bash: Malam, ai waɗannan biyun masu kunya ne. Da ka ga na zamanin Girka, na 2005 da 2007 a PS2 da na uku a PS3, da waɗanda yara ke bugawa a waya da manhajar PPSSPP, Chains of Olympus da Ghost of Sparta. Akwai wuraren da nake tashi in tsaya a gaban talabijin in yaro na shago. Na ƙasar Norse ba su da wannan.

Sadiq: Malam Nura na ji, kuma na gode. Ni dai a matsayin tatsuniya na ɗauke shi tun farko. Asuba kuma Hajiya ba ta bari a makara, ko da Kratos ko babu.

Yanzu a zo maganar inji. PS4 Slim gare ni, tun 2019. Zai ɗauka kuwa? Kar in saya ya riƙa tsinkewa.

Oga Bash: Zai ɗauka lafiya lau. Wasan an gina shi ne da PS4 a rai, shi ya sa ma wasu masu PS5 suka yi ta ƙorafi wai bai nuna ƙarfin injinsu ba. Hoto talatin a daƙiƙa zai ba ka, daidai da yadda ka saba a na 2018, don haka idonka ba zai ga baƙon abu ba. Abu biyu dai. Fanka za ta yi kuka kamar jirgi zai tashi, musamman in ka buɗe taswira ko wajen sauya kayan yaƙi. Kafin ka fara, kai shi a buɗe a busa ƙurar da ke ciki, injin da ya sha hunturu shida a Kano ba ƙaramar ƙasa ya haɗiya ba. Kuma kar ka sa shi cikin durowar talabijin, ɗora shi a sarari. Na biyu wuri. Ka tanadi gigabait ɗari ko fiye. In naka mai 500 ne, sai ka yi sallama da wasu.

Haidar: Goge ƙwallon kawai Yaya Sadiq, ai kullum cin ka ake

Sadiq: Yaya Kabiru, wannan bai kai a kore shi ba?

Yaya Kabiru: Gaskiya ba ta cikin laifukan da ake kora a kansu.

Issoufou: Salamu alaikum, gaisuwa daga Damagaram. Na iske zance ya yi nisa. Abu guda nike son in ƙara wanda ba wanda ya taɓo, don ni ya cije ni. A watan Disamba na 2023 sun saki ƙari mai suna Valhalla, kyauta ne ga duk mai wasan. To amma ƙarin sai ya dace da yankin faifanka. Faifaina na Turai ne, daga Faransa wani ɗan uwa ya kawo mini, asusuna kuwa na Amurka na buɗe. Na kwana ina saukewa, data ta ƙare, da safe wasan ya ce bai san da shi ba. Sai da na buɗe wani asusun na Faransa na sake saukewa daga farko. Saboda haka Sadiq, duba bayan kwalin abokinka kafin ka biya. In alamar shekarun PEGI ce, na Turai ne. In harafin M ne na ESRB, na Amurka ne. Faifan kansa zai yi aiki ko daga ina yake, ƙarin ne mai tsirfa.

Sadiq: Kai, Allah ya saka da alheri Malam Issoufou. Wannan ban taɓa sani ba. Nawa asusun na Ingila ne.

Issoufou: To in na Turai ne kun daidaita. Mu duka haka muke fama, tunda ba Nijar ba Najeriya a jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun. Kowa ya ari gari ya zauna.

Ummi K: Kuma Sadiq, Valhalla ɗin nan kar ka raina shi don an ce kyauta. A ganina ma nan ne abin da kake nema yake. Kusan Kratos ne da Mimir kawai, ba taro. Salon daban ne, in aka kashe ka sai ka koma bakin ruwa ka sake farawa, kana ƙara ƙarfi a hankali. Amma labarin na mutum ne da ya zauna yana tuhumar kansa a kan abin da ya aikata a ƙuruciya. Shirun da Mubarak ya rasa a babban wasan, a can suka ajiye shi. Sai dai ka gama babban labarin tukuna, don bayansa yake.

Mubarak: Wannan ban buga ba, na riga na sayar da faifan kafin ya fito. Yanzu kin sa ni nadama.

Auwal Injiniya: Ku dakata, duk kun tsallake babbar magana. Kuɗi. Farashin da Sony ta sa masa ranar fitowa dala 60 ne a PS4, dala 70 a PS5. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Ku lissafa, sittin sau dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu casa'in ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a shekarar dubu saba'in ne. Wato wasa ɗaya ya fi albashin wata na wani magidanci. Na san na hannu bai kai haka ba, amma masu sayarwa da dala suke auna nasu su ma. Ni shawarata kar ka saya sam. Tun Janairun 2025 an sa Ragnarök a jerin wasannin PS Plus Extra, tsarin Sony na biyan kuɗi wata-wata. Sayi katin wata ɗaya, ka sauke, ka gama, ka tashi.

Oga Bash: Injiniya, lissafinka na takarda ne. Sa kuɗin data a ciki. Gigabait wajen ɗari zai sauke, da wace intanet? Kai kana da ta ofis, shi da wayarsa zai haɗa. Kwana nawa zai yi, an ɗauke wuta sau nawa a tsakani? Sannan wata ɗaya. Labarin kaɗai ya kai awa ashirin da biyar, in zai bi lunguna kamar yadda na san Sadiq, hamsin ma ba ta ishe shi ba. Mutum ne mai aiki, ga iyali, ga wutar da ba ta da alƙawari. Awa ɗaya da rabi yake samu a dare in an yi sa'a. Wata ɗaya zai zama uku, kuma ranar da ya daina biya wasan ya kulle. Faifai kuwa kadara ce. Ka gama ka sayar, ko ka yi musaya da wani. Sau da yawa abin da ke tafiya bai wuce kaso ɗaya cikin uku na kuɗinka ba, a yadda nake gani a shago.

Auwal Injiniya: Faifan ma ai sai ya sauke sabuntawa.

Oga Bash: Ba dole ba ne. Cire shi daga intanet, wasan zai shiga daga faifai ya tashi. Sabuntawar da Valhalla sai ya samu ranar da ya je inda intanet ke da arha.

Auwal Injiniya: To na ji. Amma har yanzu ina ganin mai PS5 da intanet mai kyau, hanyata ta fi.

Haidar: Ko kuma a kai injin a yi masa aiki a loda masa wasa ashirin a kuɗin ɗaya, kowa ya huta

Yaya Kabiru: Ba a wannan zauren ba. Mun sha faɗa.

Malam Nura: Ka ga inda zan yi magana da ƙarfi ke nan. Guminsu ne, ko su waye.

Oga Bash: Ban da haka ma, wanda ya yi sai ya haƙura da shiga intanet da injin. Sadiq kuma yana buga ƙwallo da mutane, ko da cin sa ake.

Sadiq: Oga har da kai?

Yanzu dai ga inda nake. Maganar Aunty Ummi ta ja ni, maganar Mubarak ta tsorata ni. Musamman surutun nan. Babu yadda ake kashe shi?

Mubarak: Ni dai na shiga saituna na duba ko'ina lokacin, ban ga abin da ya rufe musu baki ba. Abin da na koma yi, in na iso wajen tunani sai in rage murya.

Ummi K: Sabo ake yi. Kuma in ka bar babban titi ka shiga ayyukan gefe, sun fi barin ka ka sarara. A nan ma ina da roƙo: in ka saya, kar ka bi labari a guje. Akwai wani yanki a Vanaheim, ƙato ne sosai, wanda in ba ka bi wani ƙaramin aikin gefe ba har ka gama wasan ba za ka san yana nan ba. Na san mutum biyu da suka ce sun gama, na tambaye su wajen, suka ce wane waje? A can na fi jin ƙamshin na 2018, kai kaɗai kana yawo kana tono abubuwa. Har da labarin matar Kratos ana tsinta a can kaɗan-kaɗan.

Mubarak: Wane waje?

Ummi K: Uku ke nan.

Oga Bash: Hahaha! Mubarak, ashe rabin wasa ka buga ka zo kana yanke masa hukunci.

Mubarak: Ku yi dariyarku. Amma hujjata tana nan: wasan da zai ɓoye mafi daɗinsa a lungu ya tilasta maka tsinkar 'ya'yan itace awa guda, an yi kuskuren jera shi. Kuma ku tuna, na 2018 shi ya ci gwarzon wasan shekara, ya doke Red Dead Redemption 2. Ragnarök kuwa Elden Ring ya kayar da shi a 2022.

Issoufou: Wannan ba hujja ba ce ɗan uwa. Wanda ya zo na biyu a tseren dawaki ba jaki ba ne. A bikin kyaututtukan na 2022 dai Christopher Judge, mai muryar Kratos, ya karɓi kyautar gwanin wasa, ya tsaya yana jawabi har aka gaji. Kuma kwafi sama da miliyan biyar suka sayar a satin farko.

Mubarak: Yawan ciniki ai sunan na farkon ne ya jawo shi. Ni ma ina cikin miliyan biyar ɗin.

Yaya Kabiru: Bari in sa baki a matsayin ɗan zaure, ba mai gadi ba. Sadiq, maganar kada ya ɓata maka na farkon, ni ban ga ta inda zai ɓata ba. Abin da ka ji a 2020 ba a cikin faifai yake ba kaɗai. Kulle ne, ga rasuwa, ga dare ba abin yi. Ko Ragnarök ya fi shi ta kowace fuska ba zai maimaita maka wannan ba, ko na farkon ma da ka sake bugawa sau biyu na tabbata bai yi maka kamar karon farko ba. In da wannan ma'aunin za ka shiga, ajiye kuɗinka. In kuwa so kake ka san yadda ta ƙare tsakanin mutumin nan da ɗansa, bayan abin da ya gani a zane a bangon Jötunheim a ƙarshen na farkon ya yi shiru bai faɗa wa yaron ba, to amsar tana ciki, kuma ba su yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Sadiq: Yaya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Zanen bangon nan shekara biyar ke nan yana raina. Kuma gaskiya ne, karo na uku ma tsallake hirar kwalekwale na riƙa yi.

Oga Bash: To ga sulhu. Ina da faifai ɗaya a shago, ba a cika nema ba, yara ƙwallo da Mortal Kombat suka sani. Zo gobe bayan la'asar ka zauna ka buga awa biyun farko, ba ko sisi. In Thor ya ƙwanƙwasa ƙofa kuka gama abin da za ku yi ba ka ji komai ba, ka ce wa abokinka ya nemi wani. In ka ji, ka biya shi ranar Juma'a. Kuma ko abokinka ne, juya faifan ka duba a haske, sannan ka bari ya gama shiga injinka kafin ka miƙa kuɗi. Na taɓa karɓar wani a hannun wani mai shago, kwali tsaf, ya kai kashi saba'in ya tsaya cak. Da na koma ya ce ai ba a gabansa ya tsaya ba.

Haidar: Oga ni ma zan zo

Oga Bash: Kai da kuɗinka za ka zo, kuma a waje za ka zauna har ya gama.

Auwal Injiniya: In ka saya ka gama, ni ne na farko a layin aro.

Ummi K: Injiniya, ina PS Plus ɗin?

Auwal Injiniya: Data ta yi tsada.

Sadiq: Jama'a ga rahoto. Na je wajen Oga jiya. Awa biyu aka ce, sai da aka kira isha'i na ankara, magariba ma Oga ne ya zare min fad ya tura ni masallaci. Ba zan ce komai a kan labarin ba saboda masu zuwa a baya, amma minti goman farko da kyarkecin nan sun ishe ni. Mubarak, surutun gaskiyarka ne, har na ce wa talabijin yi min shiru, yaran shago suka yi ta dariya. Na duba kwalin abokin nawa, PEGI ne, Malam Issoufou. Na roƙe shi ya rage, ya ƙi, amma ya yarda in biya rabi yanzu rabi ƙarshen wata. Injin yana wajen mai gyara ana busa masa ƙura.

Mubarak: In ka gama ka faɗa min ta inda ake shiga wajen nan na Vanaheim.

Sadiq: Da wane faifan za ka shiga?

Mubarak: Ina bayan Injiniya a layi.